Ƙugin Rediyon Alhaji

Kafin in fara, duk wadda ta shirya shigowa ƙarƙashin rubutun nan ta ce min "Najwa ba ki da kunya," ta yi haƙuri ta bi layi, Goggo Larai ta riga ta. Ni dai zan ba ku labari yadda ya faru, in na kai aya sai ku yanke min hukunci.

Ga waɗanda yau ne farkon haɗuwarmu, ni ce Najwa, 'yar Malam Shu'ibu mai rediyo, a unguwar Matsaro nan cikin Haɗeja. Sana'ata gyaran rediyo da talabijin. E, ba kuskuren rubutu ba ne. Shagon mahaifina ne, wanda nake kira Baffa, a bakin Kasuwar Kuda, a nan na tashi. Da idonsa ya soma hazo, hannunsa ya soma rawa, sai aikin ya dawo kaina, shi kuma ya koma kan benci yana hira da masu kawo gyara, yana ba ni shawarar da ban tambaya ba. Ƙawayena suna tashin humra, ni ina tashin ƙaurin dalma. Kuma wallahi abin bai taɓa damuna ba sai da Fatihu ya shigo rayuwata.

Fatihu manomin shinkafa ne, gonarsu tana can bakin kogi. Dogo ne baƙi mai sanyin magana, irin mutanen da in suna ba ka labarin gobara sai ka yi hamma. Ƙaramin rediyonsa na gona ne ya faɗa ruwa ya kawo min, na busar da shi na gyara. Ya karɓi rediyo ya ƙi tafiya, har yau bai tafi ba.

Mahaifinsa, Alhaji Badaru, ya so abin, har ya tari Baffa bayan sallar Juma'a ya ce da an kwashe shinkafar rani zai turo. Allah bai nufa ba, ya ɗan kwanta ciwo ya rasu. Sai magana ta koma hannun mahaifiyar Fatihu, Hajiya Uwa. Ita kuwa tun Alhaji yana da rai ta faɗa ba ɓoye-ɓoye, ba ta ga abin da za ta yi da surukar da take wuni a kasuwa cikin maza ba, ga 'yar ƙaninta can a Malam Madori, mai hankali, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Yanzu Hajiya tana takaba, saura ƙiris ta fita, kuma ranar da ta fita za ta faɗi gidan da kawunnan Fatihu za su kai goro. Fatihu ba zai tsallake maganarta ba, ni ma da mai tsallakewa ne da ban so shi ba. To kun ji inda nake tsaye, ƙafa ɗaya a kwalekwale ɗaya a gaɓa.

Ranar Talata da la'asar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska tana kwasar ledoji tana watsa wa masu kifi a fuska. Abin haushin kuma akwai wuta. Kun san halinta, ranar da kake roƙonta ba ta zuwa, ranar da ya kamata ta yi zamanta ranar take kawo ziyara.

"Mamana, zare komai daga soket," in ji Baffa. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Ban gama zarewa ba aka yi wani haske da ya nuna min har yanar gizo-gizon da ke kusurwar shago, sai ƙara kamar an tsaga sama. Kasuwa ta ɗauki salati. Daga baya muka ji aradu ce ta faɗa kan falwaya a Dubantu, unguwar su Fatihu, ta bi waya ta shiga gidajen mutane ba sallama.

Washegari tun da hantsi shagonmu ya cika da talabijin da dikoda da cajar waya, kowanne yana ƙauri. Ina tsakiyar su saƙon Fatihu ya shigo.

"Injiniya, kina kusa?"

"Ina cikin gawarwakin talabijin har wuya. Yaya ruwa, bai shiga gona ba?"

"Gona lafiya. Rediyon Alhaji ne ya ƙone."

Na ajiye sukundireba. Na san labarin rediyon nan, Fatihu ya sha ba ni. Babba ne mai kaset da sifiku biyu, Alhaji ya sayo shi a hajjinsa na farko, kuma bai taɓa yarda wani ya kwance masa ko noti ɗaya ba.

"Innalillahi. Kawo shi in duba."

"Inna ta ce ba mai ɗaga shi daga inda Alhaji ya ajiye shi. Tun jiya ko kunu ba ta sha ba."

"To kai mata mai gyara gida."

"Tana takaba. Ta ce namiji ba zai shigar mata ɗaki ba."

Na ga yana rubutu yana gogewa, yana rubutu yana gogewa. Na san inda aka dosa.

"Na ce mata zan nemo mace mai gyara. Ta ce to."

"Malam, mata nawa ne masu gyaran rediyo a Haɗeja?"

"Ban ƙirga ba. Ɗaya na sani."

Jama'a, ku gaya min. Budurwa ta ɗauki ƙafa ta shiga gidan su saurayinta tun ba a kai ko goro ba, kuma wurin uwar da ba ta son ta, kuma da jakar sana'ar da aka ƙi ta dominta. Ko a mafarki na ga haka ai sai in tashi in yi tofi.

Da muka koma gida cin abincin rana na faɗa wa Baffa a hankali, na manta Goggo Larai kunnenta ya fi eriya. Yayar Baffa ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar Ummana, kuma duk duniya ba wanda ya kai ta son ganina a ɗakin miji. Ta saki muciya ta fito daga kicin.

"Ki je ina? Gidan Badaru? Da ƙafarki?"

"Goggo, gyara ne fa."

"Gyaran gidanku! Ke ba ki san yarinya kai ta ake yi ba, ba ta kai kanta? Gobe a ce 'yar Shu'ibu ta kasa haƙuri ta je gaida uwar miji tun ba miji. Matar nan dama dalili take nema, ke kuma za ki kai mata shi a faranti har da murfi. In auren nan ya lalace kada ki zo min da kuka, zanina ba na share hawaye ba ne."

Baffa ya gama side hannunsa tsaf kafin ya yi magana.

"Yaya, mai gyara aka kira, ba budurwa ba. Ni kuma tunda na buɗe shago ban taɓa jin an ce mutum ya kasa cin abinci saboda kayansa na ƙi zuwa ba."

"Kai ka lalata yarinyar nan, Shu'ibu."

"Na sani," ya ce, ya miƙa min ƙaramar tocilarsa. "Ki fara da fiyus."

Gaskiyar Goggo na gani, ba ta Baffa ba, kuma tsoro nake ji sosai. Amma duk lokacin da na ce na fasa, sai in tuna tsohuwa tana zaune ita kaɗai da yunwa a gaban akwatin da ya yi shiru. Na yi wanka, na saka atamfata mai ruwan ganye wadda ban taɓa zuwa shago da ita ba, na ɗora hijabi ruwan toka har ƙasa. Turare na ɗauka na mayar, gidan takaba za ni. Kayan aiki kuwa a jakar bikina na zuba su, mita da ƙarfen liƙi da dalma da filaya, jaka ta kumbura kamar ta ƙoshi. Daga ƙarshe na leƙa maƙwabta na aro niƙabi. Kada ku yi dariya, na san ungulu da kan zabo ne, amma mai tsoro ko da ganye ya samu fakewa yake.

Goggo ta bi ni da harara har zaure, sannan ta ce, "Gyara hijabin ta baya, ya karkace." Ta gyara min da kanta.

Ɗan sahu ya sauke ni a Dubantu, na tsallake kwatocin da ruwa ya cika. Fatihu yana ƙofar gida yana fama da janareta, don tun jiya unguwar ba wuta. Ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa, yana danne dariya.

"Baiwar Allah, wa kike nema?"

"Ka ƙara kalma ɗaya in juya."

"Tuba nake. Ɗakin Alhaji ne, na hannun dama, Inna tana ciki. Ni a nan zan tsaya." Ya rage murya. "Najwa, na gode."

Na wuce ciki.

Tsakar gidan fes, an share har an yi zane da tsintsiya, ga lemun tsami yana ɗigar ruwan jiya, ga ƙoren fura a kife kan turmi. Na yi sallama a bakin labule, wata murya ƙasa-ƙasa ta amsa ta ce in shigo.

Hajiya Uwa 'yar siririya ce fara, tana zaune kan darduma da carbi, zani da mayafi marasa ado, ba kwalli ba ɗan kunne. Ban taɓa ganinta kusa haka ba. Idon Fatihu ne sak a fuskarta. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, ina wani shaƙe murya kamar mai mura.

"Ke ce mai gyaran?"

"Ni ce, Hajiya."

"Ga shi can. Kada ki ja shi, a nan za ki yi."

Rediyon yana kan wata 'yar kabad kusa da gadon Alhaji, an lulluɓe shi da saƙaƙƙen ƙyalle, kasakasan karatu a jere a gefensa, hular Alhaji tana kan sifika ɗaya. Na yi bismilla na kwance murfin baya. Ƙauri ya buso, da ƙurar shekaru, har da gawar kyankyaso da ya riga mu gidan gaskiya tun ban shiga sakandare ba. Fiyus ya yi baƙi. Na bi layin da wuta take shigowa da mita, na tarar aradu ta cinye wasu 'yan ƙananan dayod masu daidaita wuta, amma taransifomar ciki tana da rai, sauran fanel ɗin ma lafiya. Na yi hamdala a zuci, aikin ba mai yawa ba ne.

To ga aibina, in na sa kai a cikin inji mantawa nake da duniya. Lungun da rediyon yake da duhu, hannuna biyu kuma duk a cike. Ban san lokacin da na miƙa tocila baya na ce, "Riƙe min nan," ba. Aka riƙe.

"Ƙasa kaɗan. A'a, ba nan ba, inda yatsana yake. Yauwa, kada ki motsa."

Sai da na liƙa dayod na biyu hankalina ya dawo jikina, na tuna ba kowa a ɗakin sai ni da ita. Na waiwaya a hankali. Hajiya Uwa ce durƙushe a bayana, carbi a hannu ɗaya tocila a ɗaya. Na so ƙasa ta tsage in shige, har da jakar.

"Hajiya, don Allah ki yi haƙuri, ban..."

"Yi aikinki," ta ce. Can kuma, kamar mai tambayar farashin gishiri, "Ke da kike wannan sana'a, kin san wata yarinya 'yar Shu'ibu mai rediyo?"

Dalma ta kusa ɗigar min a yatsa.

"Na... na san ta, Hajiya."

"Yaya halinta?"

Me za ku ce in ku ne? In yabi kaina in zama maƙaryaciya, in kushe kaina in kashe aurena.

"Tana da taurin kai, Hajiya. Amma ba ta da mugunta."

"Uhm," ta ce. Ta gyara riƙon tocila.

Na sa sabon fiyus. Ina shirin rufewa idona ya faɗa kan kondensa, wata 'yar gwangwani mai kamar ƙaramin batir, wadda aikinta tace wuta kafin ta isa sifika. Ba aradu ce ta taɓa ta ba, tsufa ne, kanta ya kumbura ta bushe. Duk mai gyaran da ya san aikinsa ba zai gan ta ya wuce ba. Ga shi kuma ina son in burge, ba zan ɓoye muku ba. Na ce bari in yi wa Hajiya aikin da za ta san an zo. Na sa filaya na datse ƙafafunta, na jefa ta cikin farantin da nake tara ƙonannun kaya, na ɗauko sabuwa dal a jakata na liƙa.

Na jona wuta, na danna. Fitilar gaban rediyon ta kawo koriya. Na kunna kaset ɗin da na tarar a ciki, karatu ya tashi a Suratu Maryam, garau, tas, kamar malamin yana zaune tare da mu a kan darduma. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Na juyo ina murmushi a cikin niƙabi, ina jiran a sa min albarka.

Fuskar Hajiya ta canza.

"Tsayar da kaset ɗin."

Na tsayar. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar janareta daga waje. Ta matso ta kara kunnenta a jikin sifika, ta koma ɗayar ta kara. Ta daɗe a haka.

"Me kika yi masa?"

"Na gyara, Hajiya. Har wata tsohuwar..."

"Ina ƙugin?"

"Ƙugi?"

"Yana ƙugi. In an kunna shi, ko ba kaset, yana wani ƙugi ƙasa-ƙasa." Ta ɗago ta dube ni. "Wannan ba rediyon Alhaji ba ne."

Sai a lokacin na gane. Busasshiyar kondensa ita take sa inji ƙugi, mu a shago cuta muke kiransa, mutane har faɗa suke mana in ba mu raba su da shi ba.

Ta koma ta zauna kan darduma, ba ni take kallo ba, hular nan take kallo.

"In ya dawo daga masallaci da asuba, shi yake fara kunnawa. Kafin ya zaɓi kaset sai ya daɗe, mutum ne mai nawa. Ni ina kicin ina jin ƙugin ta bango, in san ya dawo lafiya, in dama masa kunu. Na yi mita har na gaji, na ce ya kai a gyara, ya ce muryarsa ce, a bar shi da abinsa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Tun da ya tafi, ba don karatu nake kunnawa ba, karatu akwai shi a waya. Kunnawa nake in bar shi haka nan, in rufe ido, in ji kamar yana zaune yana zaɓen kaset. Shi kaɗai ya rage min da yake motsi a ɗakin nan. Aradu ta ɗauke, na ce ƙaddara ce. Yanzu kuma ke kin zo kin ƙarasa."

Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi. Garin neman gira na rasa ido. A lokacin ban ma tuna da aure ba, ban tuna da 'yar Malam Madori ba, abin da na sani kawai na shigo ɗakin marainiyar Allah na ɗauke mata mijinta karo na biyu, da hannuna, ina taƙama.

"Hajiya," na ce, na manta da shaƙe murya, "ki ba ni dama. Zan dawo miki da shi."

Na zare wuta, na zube farantin a ƙasa ina tonawa har na same ta. Sai dai na datse ƙafafunta gajeru ƙwarai, abin da ya rage bai fi kan allura ba. Dole in yi mata ƙari da siririyar waya, kuma in zafi ya yi mata yawa ta mutu gaba ɗaya, ba kuma inda ake sayar da tsohuwar kondensa mai ƙugin Alhaji Badaru. Na sunkuya, niƙabi ya zamo ya rufe min ido. Na gyara, ya sake zamowa, gumi da hawaye sun jiƙa shi ya manne min a hanci. Na gwada a haka, hannuna ya kauce, saura kaɗan in ƙona ta.

Na tsaya. Ko in tsira da rufin asirina in lalata mata abu, ko in buɗe fuska in ga abin da nake yi. Na kai hannu na kwance niƙabin na ajiye a kan jaka. Ban dubi inda take ba.

Hasken tocila ya sauka daidai kan yatsana, ba tare da na roƙa ba.

Ban taɓa liƙi a hankali kamar na ranar ba. Na cire sabuwar, na yi wa tsohuwar ƙafafu, na zaunar da ita a gurbinta ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Ni da aka koya wa raba inji da cuta, yau ga ni ina lallaɓa cuta in mayar da ita ɗakinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wani yoyon kuma ashe so ake yi.

Na jona wuta. Na danna. Koriyar fitila ta kawo.

Shiru. Na kasa kunne.

Sai ga shi ya taso a hankali daga ƙasan sifiku, wani ƙugi mai kauri, kamar tsoho yana gyaran murya bai gama ba. Hajiya ta saki tocilar a cinyarta, ta rufe ido. Hawaye suna bin kumatunta amma bakinta murmushi yake. Ni ma na zauna dirshan a ƙasa ina nawa kukan, ban san na tausayi ne ko na tsira ba. Muka zauna a haka, mu biyu da ƙugin Alhaji.

Ita ta fara buɗe ido. Ta jawo ƙwaryar fura da aka ajiye mata tun safe, ta buɗe faifan, ta sha ludayi uku masu kyau, sannan ta turo min.

"Sha."

Na sunkuyar da kai. "Na ƙoshi, Hajiya."

"Au, yanzu ne kunyar ta zo? Ɗazu da kike ce min kada in motsa, aike kika yi da ita?"

Na rufe fuska da hijabi. Na ji tana 'yar dariya, irin ta wanda ya daɗe bai yi ba har ta yi tsatsa.

"Kifi na ganinka mai jar koma. Tun da yaron nan ya ce zai nemo mace na san wadda zai nemo." Ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa. "Na ce bari in ga ko za ta zo. In ba ta zo ba, ta fi son mutuncinta. In ta zo, ba ta da kunya. Duk ta inda kika bi na shirya miki laifi."

"To wanne na yi, Hajiya?" na tambaya daga cikin hijabi.

"Kin yi wanda ban shirya ba."

Ta ci gaba da sauraren rediyon, ni kuma ina tattara kayana. Akwai maganar da ban faɗa mata ba. Na san in na faɗa zan iya ɓata ɗan abin da na samu, amma Baffa bai koya min rufe murfi a kan ƙarya ba.

"Hajiya, kondensar nan ta tsufa. Ba za ta dawwama ba. Ko wata ne, ko shekara, wata rana za ta mutu. A riƙa zare shi daga soket in an ga hadari, kuma kada a bar shi a kunne ba kowa a ɗaki. In an ji ƙauri a kashe nan take."

"In ta mutu fa?"

"Zan yi ta gwada tsofaffi har in samo mai irin muryarsa. Ba zan ce zai zama sak ba."

"Wa zan aika ya kira ki?"

"Ko wa kika aiko zan zo."

"Daga Matsaro?" Ta taɓe baki. "Ni ba na son jiran mai gyara daga nesa."

Na gane inda maganar ta dosa. Ban yarda na ɗago ba, kada ta ga abin da ke fuskata.

"Kada ki yi saurin murna," ta ce, muryar ta koma irin ta farko. "Ban ce na yarda da zaman kasuwar nan ba. Ina da magana a kai, kuma na ji an ce kina da taurin kai, to ni ma ba a bar ni a baya ba. Ki dawo jibi da hantsi mu yi ta, ki bar wannan baƙin ƙyallen a gida. In Larai ta tambaye ki, ki ce fankar ɗakin nan za ki duba min, ta lalace."

Na ɗaga kai a hankali na dubi sama. Fanka tana ta juyawa a kanmu lafiya lau.

"To, Inna," na ce.